Abin da Baba Sito Bai Rubuta Ba

Shekara ashirin da shida Baba Sito ya yi yana riƙe da makullin ɗakin ajiyar magani na asibitin, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Siririn mutum ne mai tabarau ɗaure da zare. Ɗakin nasa ba taga, sai kantocin ƙarfe har rufi da firiji biyu, ɗaya na gurnani kamar tsohon rago. Ko an ɗauke wuta, da lalube yake zaro kwalin da ake nema. Nas-nas kan tsokane shi wai ya fi sanin kantocin nan a kan matarsa. Sai ya ce, "Ita ai tana canja ra'ayi. Kwali kuwa inda na ajiye shi nan zan same shi."

Saura shekara biyu ya yi ritaya aka kawo na'ura mai ƙwaƙwalwa. Wata injiniya ta kwashe katunan da ya cike da hannunsa ta zuba mata, daga nan na'urar ce ke faɗin abin da za a sayo da yawansa. Ba a raina mata ba: maganin da ke lalacewa a sito ya ragu, safar hannu ta daina yankewa.

Gab da damina na'urar ta fitar da oda, ya ga maganin dafin maciji kwalba shida kacal. Ya nufi ofishin shugaban asibiti.

"Ranka ya daɗe, shida ba za su kai mu ko'ina ba. Da an fara noma za a yi ta kawo mutane."

Shugaban ya juyo masa da kwamfuta. "Duba, Baba. Shekara biyar a jere ba a fitar da fiye da shida ba. Rubutunka ne fa."

Rubutunsa ne kuwa, amma ba shi ke nan ba. Duk shekara in shidan suka ƙare, yakan hau babur ya zaga wurin takwarorinsa na wasu asibitoci, ya ba su ruwan ƙari ko allura su ba shi kwalba biyu uku. Doka ta hana, shi ya sa bai taɓa sa wannan a kati ba. Yanzu kuwa na'ura na ƙirga kowane kwali, musaya ta ƙare. Ya tuna fanshonsa, ya haɗiye maganar, ya sa hannu ya fito.

Cikin sati uku shidan suka ƙare. Wata Laraba da hantsi aka kawo wata mata daga gona, maciji ya sare ta, ƙafa ta kumbura kamar turmi, jini na tsatsa daga dasashinta. Nas ta zo a guje, ya buɗe firiji ta gani da idonta. Likita ya ce a wuce da ita babban asibiti, tafiyar awa uku. Mijin ya leƙo ƙofar sito, laka har gwiwa.

"Baba, don Allah, ko rabin kwalba."

"Babu, ɗana."

Da la'asar direban da ya ɗauke ta ya dawo ya ce ta cika a hanya.

Kwana biyu Baba Sito bai taɓa abinci ba. Matarsa ta ce, "Malam, kwananta ne ya ƙare."

"Na sani. Amma akwai abin da ya kamata in faɗa, na yi shiru."

Ranar Litinin ya tsaya gaban shugaban da injiniyar ya fayyace musu komai, shekara bayan shekara. Injiniyar ta dafe kai. "Baba, ita abin da aka ba ta shi ta sani. Da ka faɗa, minti biyar ne gyaran."

Aka mayar da odar kwalba talatin. Shi kuma aka ba shi takardar tuhuma, aka karɓi makulli, aka mayar da shi teburin yankar kati a bakin ƙofa. Fanshon ba a taɓa ba, sai dai bai ji daɗin hakan ba ko kaɗan.

A teburin nan ya ƙarasa aikinsa. Sau ɗaya mijin matar ya kawo 'yarsa mai zazzaɓi. Mutumin bai gane Baba Sito ba, ya gaishe shi da ladabi ya faɗi sunan yarinyar. Baba Sito ya rubuta, ya nuna musu layin likita.