Gayyar Bayan Sallah

A shekarun da nake neman shiga soja, kullum da asuba ina gudu a kan gaɓar kanal. Na gama sakandare, ba aiki, ba jari, sai dogayen ƙafafu da zafin kai. Ƙauyenmu yana can ƙarshen wani ƙaramin kanal tsakanin Kura da Bunkure. Daga nan nake miƙewa har ƙofar ruwa, in taɓa ƙarfen, in juyo. Mutanenmu ba su taɓa ganin mai gudu ba tare da an koro shi ba. Masu ban-ruwa su ɗago kai su ce, "Kai, lafiya? Wa ya biyo ka?" Wata tsohuwa mai kunu har addu'a take tofa mini in na wuce, ta ɗauka taɓin hankali ne. Ni kuma in ƙule, in ƙara wuta.

Kawuna, yayan mahaifiyata, shi kaɗai ne ba ya yi mini dariya a gaban mutane, sai in mun keɓe. Gonarsa ce ta ƙarshe a kanal ɗin, daga ita sai fako. Ruwa sai ya ƙosar da kowa kafin ya iso shi. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa mata sun yi aure, babban ɗansa yana da shago a cikin Kano. Shekara biyu a jere ruwa yana yi wa kawu gardama, ɗan nan kuwa ya matsa masa lamba a kan ya bar noma ya koma wurinsa. Ranar wani suna, a gaban dangi, ya ce, "Baba, in bana ma gonar ta ƙi, ka tattara ka dawo gidana." Kawu ya ce ya amince. Duk wanda ya san shi ya san ba ya magana biyu. Shekarar nan alkama ya shuka, kuma zamansa a ƙauyenmu ya rataya a kanta.

Shi ne ya fara ce mini, "Soja, tunda gudun nan ba ya ƙarewa, ka riƙa ɗaukar saƙo mana. Ka huta da gudun banza." Da haka na zama mai kiran gayya. Lokacin wayar hannu ta shigo Kura amma ba ta iso mu ba. In za a gyara hanya, ko a yi wa makaranta yaɓe, ko a cike wani rami da ya ci gaɓa, ni ake gaya wa. In hau tsohon keken mahaifina in zaga ƙauyuka biyar ɗin da ke sha daga kanal ɗinmu, inda keke ba ya shiga in bi da ƙafa. Ba a biyana ko sisi, ban kuma taɓa nema ba. Ina jin daɗin abin, wallahi. Masu tambayar wa ya biyo ni suka koma tambayar me ake ciki.

Babbar gayya ita ce ta yashe kanal. Ciyawar kacalla takan cika shi, laka ta taru a ƙarƙashin wani kwalbati da ke sama da mu, sai ruwa ya riƙa ɗiga kamar daga bakin buta. Ba a iya haƙe lakar sai an rufe ruwa, ma'aikatan ruwa kuwa yini ɗaya suke ba mu, don gonakin da ke sama ba sa jure ƙishi. A wannan yini ɗaya ana bukatar hannu sittin ko fiye.

Shekarar da nake magana, saura kwana huɗu Babbar Sallah, shugaban ƙungiyar manomanmu ya kira ni bayan azahar. Ya ce an ba mu gobe. Za a rufe ƙofa da daddare, a buɗe jibi da safe. Kowa ya fito bayan sallar asuba da shebur da adda. Alkamar kawu a lokacin ta yi ciki, tana shirin fidda kai, kwana goma sha ɗaya rabonta da ruwa. Da zan tafi ya riƙe kan keken ya ce, "Ka gaya musu da kyau." Na ce, "Haba Kawu, yau na fara?"

Ƙauyuka biyu na sama na fara zuwa. Na sauka, na gaida masu unguwa, na yi bayani dalla-dalla, ko da yake na san ba za su turo mutane da yawa ba, su ruwa a ƙofarsu yake. A hanyar dawowa ƙaya ta fasa mini tayar baya. Na yi tsaki, na tura keken zuwa rugar wani Bafulatani da muke gaisawa, na jingina shi a nan. Saura ƙauyuka biyu na tsakiya, su ne masu yawan jama'a, sai namu.

A nan ne zan faɗi abin da na daɗe ban faɗa ba. Ba taya ce ta jawo ba. Ina da agogo a hannu, kuma an ce bayan Sallah za a ɗebi sababbin sojoji. Da na ga gudu ya kama ni, sai na ce bari in auna kaina, daga rugar nan zuwa gida ba tsayawa. Na danna agogo na zuba.

Na shiga ƙauye na farko ina haki. Mai unguwa yana zaune a ƙofar gida da dattawa. Ko durƙusawa ban yi ba, na ɗaga hannu ina tafe na ce, "Ranka ya daɗe, gayyar kanal, bayan sallah!" Ya ɗaga murya ya ce, "Bayan Sallah?" Na ce, "E, bayan sallah!" Na wuce. A ƙauye na biyu ma haka, sai dai a can limami na tarar. Ni sallar asuba nake nufi. Kalmar "gobe" da kalmar "asuba" na haɗiye su tare da numfashi. Su kuwa, da raguna ɗaure a kowane gida, me za su ji in ba Sallar layya ba? Na iso gida na duba agogo, na ga na rage minti uku a kan yadda na saba. Har murna na yi.

Washegari mahaifiyata da matan unguwa suka tashi tun kafin kiran salla suka dama kunu, suka soya ƙosai, suka ɗora dambu na mutum sittin. Muka fito daga masallaci muka nufi kwalbati. Kanal ya tsane, laka baƙa tana wari. Mu goma sha ɗaya daga ƙauyenmu, huɗu daga sama. Muka fara sara muna waiwaye. Rana ta fito, ta ɗaga, ba kowa. Kawu ya dogara da shebur ya dube ni ya ce, "Soja, ka je kuwa?" Raina ya ɓaci, na ce, "Na je mana! Ƙafa da ƙafa!"

Na ajiye adda na ruga. Ban taɓa gudu irin na ranar ba, kuma ban duba agogo ba. Na tarar da ƙauyen farko fayau, ranar kasuwa ce, maza duk sun kora dabbobi sun tafi cinikin Sallah. Mai unguwa kaɗai na samu yana alwala. Na ce, "Ranka ya daɗe, ina mutane? An rufe ruwa!" Ya saki butar ya ce, "Yau? Kai da bakinka ka ce bayan Sallah. Har na maimaita maka." Sai a lokacin na ji maganar da kunnensa. Na zauna a ƙasa a gabansa.

Na tattaro tsofaffi uku da wasu samari biyar, muka dawo. Muka yi aiki har magariba. Mun sare kacallar, amma lakar kwalbati ko rabi ba mu ci ba. Dambu ya yi kwantai, aka rarraba wa gidaje. Mahaifiyata ta kwashe tukwanenta ba ta dube ni ba. Shugabanmu ya je ya roƙi a ƙara mana yini, aka ce tumatirin mutanen sama ya fara langaɓewa, sai bayan mako uku. Ban ga laifinsu ba. Da safe aka buɗe ruwa, ya zo kwalbati ya tsaya.

Kwana biyu bayan Sallah, da sassafe, sai ga su. Maza fiye da sittin, da shebur a kafaɗa, wasu da sabuwar hula, suna raha suna tambayar ina kunu. Waɗanda suka ji labari ma sun biyo, ko za a iya wani abu. Suka tsaya a kan gaɓa suna kallon kanal cike. Wani ya fara dariya, ya ga fuskar kawu, ya haɗiye ta. Allah ya saka musu da alheri, ba su juya ba. Suka tuɓe riguna suka shiga ruwan nan mai sanyi har ƙirji, suna laluben laka da ƙafa, suna cika bokiti. Amma abin da ka kwashe, ruwa ya mayar. Kwana uku muna wannan kafin wani siririn ruwa ya ratsa.

Na bi shi da ƙafa tun daga kwalbati. Kowace gona ya zo sai mai ita ya tare, don kowa a ƙone yake, ba ka da bakin hana shi. Na yi faɗa da mutum biyu, har na ci kwalar wani dattijo da ya girmi mahaifina, abin da nake kunyarsa har yau. Sai a kwana na tara bayan gayyar ruwa ya shiga gonar kawu. Alkama ta riga ta fidda kai a cikin ƙishi. Daga nesa kyakkyawa, in ka murza zangarniya a tafin hannu ka hura, sai ƙaiƙayi ya tashi ya bar maka ƙwaya biyu ko uku a shanye.

Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga sanda. Na same shi a bakin gona na durƙusa na ce, "Kawu, ni ne. Agogo nake dubawa." Na gaya masa komai. Ya daɗe yana murza zangarniya, sannan ya ce, "Minti nawa ka rage?" Na ce uku. Ya gyaɗa kai ya ce, "To, Allah ya sa su amfane ka." Ba da gatse ya faɗa ba, shi ya sa ta fi ciwo. Na yi kuka a wurin kamar mace ta yi rashi, shi yana ce mini in tashi mutane na kallo.

Dangi sun so a yi wa ɗansa magana, tunda kowa ya san ba gonar ce ta ƙi ba. Ni da kaina na hau keke har Kano na same shi a shago. Ya ce, "Ɗan'uwa, bara wa ya yi kuskure? Bara waccan fa? Tsohon nan ya gaji, ku ne ba kwa gani." Na dawo na roƙi kawu ya nemi a ƙara masa shekara ɗaya. Ya ce, "A gaban mutane na amsa."

Bayan an yi girbin abin da ya samu, buhu ɗaya da ɗan kai, na ɗaure masa akwatinsa da tabarma da buta a bayan keke, na tura, yana biye da ni har bakin titi. Bai waiwayi gonar ba. Ni ne na yi ta waiwaye. Sojan ma ban je ba, ranar ɗiba ta zo ta wuce ina kwance a ɗaki.

Kiran gayya kuwa ban bari ba, don ba wanda ya karɓe ni. Sai dai na ajiye agogo. Kowane ƙauye in sauka, in zauna, in faɗi rana, in faɗi wace salla, in sa mai unguwa ya maimaita, har suka fara ce mini na cika naci. Da rani ya zagayo aka ba mu yininmu, mutum tamanin suka fito. Kafin la'asar kwalbati ya yi fes, kana hango haske ta ɗaya bakin. Washegari ruwa ya taho da ƙarfinsa, ya ƙosar da kowa, ya kai ƙarshe tun kafin azahar. Na tsaya ina kallonsa yana shiga gonar kawu. Ɗansa ya ba wani mutumin Garun Malam aronta, shi ne a tsaye da fartanya yana tarewa.

Ranar Juma'a na je Kano. Na sami kawu a soron gidan ɗansa, a kan tabarma, yana fuskantar titi. An yi masa sabuwar riga, ya yi fari, ya rame. Hannuwansa sun yi laushi, da na kama su ban gane su ba. Muka gaisa, ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi masallaci, ya tambayi kowa da kowa. Sai can ya ce, "Ruwa fa?"

Na ce, "Ya kai, Kawu. Tun kafin azahar."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

Babura suna ta wucewa a ƙofar gida. Ya ce, "Wa ya tare shi?"

Na gaya masa.

Ya ce, "Ka ce masa kusurwar gabas tudu ce. Ya fara buɗe mata, in ba haka ba ba ta sha." Ya jawo buta ya ce zai yi alwala, ko da yake lokaci bai yi ba, ya shige cikin gida.

Na isar da saƙon, kalma da kalma. Kawu bai sake taka ƙauyenmu ba. Ya rasu da damina ta biyu, aka binne shi a Kano.