Fuskar Dada a Ƙaramin Bidiyo

Har gobe in na rufe ido ina ganin ranar da aka kawo mana Dada shago. A shekarar da mutanen Mubi suka gudo Yola ne, gari ya cika, kowane gida da baƙinsa. Lokacin ina aiki a wani shago a Dubeli, ina ɗaukar bidiyon biki a ɓangaren mata, inda ba a barin maza su shiga da kyamara. Ni da sai da na haifi 'ya'ya huɗu na shiga ajin yaƙi da jahilci, ba na son a raina mini hannu. Mai tace mana aiki a kwamfuta ita ce Anti Rifkatu, 'yar wajen Numan. Ta yi karatun abin, kuma ba ta da hayaniya. Ni ce mai hayaniyar.

Dada tsohuwa ce Bafulatana, ta sauka wurin 'yan uwa a Bako. A gudu suka rabu da ɗanta na fari, aka ce an gan shi ya tsallaka Kamaru. Akwai wani direba a can da ke yawo cikin 'yan gudun hijira yana nuna musu bidiyon masu cigiya a wayarsa. Sai dai sabis ɗin wurin ba ƙarfi, ƙaramin bidiyo kaɗai ke shiga. Ga shi Dada ba ta kama sunan ɗan fari, ko za a yanka ta. Dole fuskarta ta fito sarai, ya gane uwarsa.

Na bi ta Bako na ɗauka yadda na saba a biki. Na zaunar da ita gindin dalbejiya, ina zagaya ta, ina jawo hoto ina mayarwa. Ganye na kaɗawa, kaji na wucewa, ita kuma kunya ta hana ta sakat, sai jan mayafi take tana kau da kai.

Da Anti Rifkatu ta matse bidiyon ya yi ƙanƙanta, fuskar Dada ta farfashe, ta koma dabbare-dabbare. Ko ni da na ɗauka ban gane ta ba.

Na ce, "Anti, injinki ya cinye tsohuwar mutane!"

Ta ce, "Maman Sadiya, ja kujera. Ba a tsaye ake wannan faɗan ba."

Ta nuna mini cewa bidiyo hotuna ne rututu, wani na bin wani. In za a rage masa nauyi, kwamfuta ba ta ajiye kowanne a cike. Takan ajiye guda cikakke, ta yanyanka na gaba gida-gida, ta ce wannan gidan ai shi ne na ɗazu, ya ɗan matsa hagu ne kawai. Sai ta rubuta inda ya matsa, da ɗan abin da ta kuskure a cankenta. Ta kunna mini wani abu, sai ga ƙananan kibau sun cika hoton, kowace na nuna inda ta ga motsi. A kan bishiyar nan kibau sun haukace, kowace da gabanta.

Ta ce, "Kin gani? Ɗan wurin da muke da shi, ganye da kaji sun raba. Dada ba ta samu komai ba."

Na ce, "To ɗaure ta za mu yi? Matar nan ba ta iya kallon kyamara."

Ta ce, "Ba motsi ne laifi ba. Motsin da ba a san inda ya dosa ba, shi ke ba ta wahala. Ki zauna ƙasan kyamarar ki ja ta da hira, ai kina jin Fulatanci."

Anti ta kulle shago ta biyo ni, abin da ba ta taɓa yi wa biki ba. Ta zaɓi jikin katanga, ta kafa kyamara a kan ƙafafunta, ta kore kaji da kanta. Na zauna a tabarma na ce, "Dada, ni za ki kalla, rabu da wannan ƙarfen." Na tambaye ta shanu nawa ta baro. Ta fara ba ni labari tana ɗan rausaya a hankali, gaba da baya. Ni na faɗi sunan ɗan, ita ta sunkuyar da ido.

Da aka matse, har tsagen gefen bakinta ya fito. Kibau suna tafiya tare, kamar an yi musu layi.

Muka tura wa direban, haɗe da lambar wayarmu. Bayan 'yan kwanaki waya ta shigo, namiji yana kuka yana tambayar wa ya ɗauki uwarsa a bidiyo. Ni da Anti muka hau Keke Napep muka kai mata wayar. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ta saurara, ta ce, "Kana lafiya? To." Ta miƙo mini, ta juya ta fuskanci katanga. Anti ta ja ni waje.

Ku yaran yanzu wayoyinku na yin wannan aiki ba ku ma sani ba. Ni dai ina jinjina wa duk wanda ya zauna ya koya wa inji cankar motsi, da kuma Anti da ba ta yi mini rowar saninta ba. Tun ranar, kafin na danna kyamara sai na tambayi kaina: wa ake son gani a nan? In kun san shi, ku tsai da hannunku, ku bar masa wurin.