Rigar da Inna ta ɗinka wa kwamfutata

Jiya na dawo daga aiki na tarar da tsohuwar kwamfutar gem ɗina sanye da rigar atamfa.

Kekena na sayar na sayo mata katin girafik na hannu, wanda ake sa wa a cikinta don hoton gem ya fito da kyau, a nan Tudun Wada. Ya yi mata tsawo, murfin ya ƙi rufuwa, sai na bar ta a buɗe. Da ma zafi take yi.

Na ce, "Inna, in aka lulluɓe ta, ƙonewa za ta yi."

Mahaifiyar tawa ko kai ba ta ɗago ba. "Abin da ya cinye maka keke zan bari tsirara, hanji a waje?"

Yanzu in zan buga gem sai in tuɓe mata rigar, in na gama in mayar.

Ku wa ke suturta muku kaya a gida?