Injinan Baba Sun Shiga Gado

Jiya na tarar da Baba zaune a ƙofar gidan amininsa, marigayi Alhaji Sule, a Sabon Garin Wudil, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Tare suka yi odar injinan ban ruwa daga Chaina, kwantena ɗaya. Shida na Baba ne, na gonarsa ta Indabo. Amma sunan Alhaji kaɗai aka sa a takardar kayan, don shi ya san Legas. Jirgi na kan teku Allah ya yi masa rasuwa.

Babban ɗansa ya fito ya durƙusa. "Baba, wallahi ba ƙaryata ka muke yi ba. Amma akwai marayu ƙanana a cikin gadon nan. Ko ɗan rubutu babu?"

Baba ya ce, "Yaro, kwano ɗaya muke ci da ubanka tun ba a haife ka ba. Da wane baki zan ce ya rubuta min?"

Rani ya shigo, gonar ta bushe, injinan suna Legas.

Ni dai na rasa wanda zan ba laifi. Ku fa?