Farin Fentin Yaya Illa

Damina bakwai ke nan da muka rufe Yaya Illa a maƙabartar ƙauyenmu, can arewa da Birnin Lalle. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan yi masa sadakar masa in yi shiru. Bana shirun ya ƙi zama, domin a ƙarshen watan nan za mu ɗauko mahaifiyarmu Inna daga ƙauyen, kuma gidanta ne na ƙarshe da ake hura wuta a cikinsa.

Ni ƙanwarsa ce, ina sayar da kindirmo a nan Dakoro. Shi kuwa bakanike ne, mutum mai gajen haƙuri da hannu mai albarka. Idan ka kawo masa inji yakan saurari ƙararsa fiye da yadda yake sauraron bakinka. Ina sonsa ƙwarai, amma ban taɓa ganin mai wuyar sha'ani irinsa ba.

Wanda ya san ƙasarmu ya san zurfin rijiyoyinmu. Jaki kan ja igiyar guga ya yi nisa har ya zama ɗan ɗigo kafin ruwa ya iso baki. Da aka haƙa mana foraj, wato rijiyar burtsatse, aka sa famfo, sai muka ce wahala ta ƙare. Ashe famfon sai da gurup, injin da ke ba shi wuta, gurup kuma sai da esansi, wato man fetur, esansi kuwa yau akwai gobe babu. Rani biyu ana haka, shanu na tsaye a bakin kwamin ruwa suna kuka, samari suka fara ɗaure jaka.

Illa ne ya ce zai mayar da gurup ɗin ya riƙa cin gaz irin na girki. Aka yi masa dariya, har wani ya tambaye shi ko tuwo injin zai tuƙa. Bai kula kowa ba. Ya sa wani ƙarfe mai rami a inda injin ke shaƙar iska, ya jona tiyo, ya ɗaura abin rage ƙarfin gaz a kan tukunyar gaz ɗin. Kowace mahaɗa sai da ya shafa mata kumfar sabulu ya tsaya yana kallo ko za ta yi ƙwai, alamar gaz na zurarewa. Da ya ja igiya injin ya tashi, babu hayaƙi, ruwa ya fito, Inna ta yi guɗa duk da tsufanta.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne tukunyar gaz ɗin. Idan injin ya daɗe yana aiki sai ta yi sanyi har raɓa ta daskare a jikinta, a tsakiyar zafin bazara. Illa ya ce sanyin yana rage mata ƙarfi, ya zaunar da ita cikin daro cike da ruwa. Kafin mako ya zagayo, matan gari sun gano ruwan daron ya fi na randa sanyi, suka riƙa jera gorunan fura a ciki. Yakan kore su da faɗa, yana juya baya su dawo. Shekarun nan ba wanda ya bar garin saboda ƙishirwa.

Akwai wata 'yar ƙusa a jikin injin da ake murɗawa a ƙara gaz ko a rage. Samari masu ƙaiƙayin hannu sun dame ta, shi ya sa wata rana ya ɗiga mata farin fenti, ya daka tsawa a gaban dattawa: "Wagga ƙusa, kada kowa shi taɓa ta!" Da samarin yake. Shi kansa na sha ganin yana murɗa ta idan sanyi ya shigo, ya sake murɗawa idan zafi ya dawo, kunnensa a jikin injin, sannan ya sake ɗiga fentin. Bai taɓa zaunar da wani ya nuna masa ba. In ka tambaye shi sai ya ce gobe, har zazzaɓin 'yan kwanaki ya ɗauke shi.

Bayan rasuwarsa tsawar nan ta koma wasiyya. Injin ya yi shekaru yana haƙuri, daga baya ya fara tari, ya riƙa zafi har ba a iya tsayawa kusa da shi. Na ɗauko wani bakanike daga Dakoro mai suna Haruna, mutumin kirki, muka tafi tare. Ya duba ya ce gaz ɗin ya yi wa injin kaɗan, a bari ya saita ƙusar ya gyara cikinsa tun bai ƙone ba. Kawu Tanko, ƙanen mahaifinmu kuma babban gari, ya gitta sandarsa.

"Ka ga hwarin nan? Hannun mamaci ne. Mu da ranmu ba a taɓa shi."

Na ce, "Kawu, wallahi da idona na gani shina murɗa ta."

"Ke ɗiyata, kin san nono, shi ya san ƙarhe. Mi za mu ce mishi gobe kiyama?"

Haruna ya canza mai, ya wanke abin da aka yarda ya wanke, ya koma. Rigakafi ya fi magani, amma ranar ba wanda ya ji. Rani na gaba injin ya yi wata ƙara ya tsaya, kansa ya ƙone. Babu mai halin sabo, waɗanda suka haƙa foraj ɗin kuwa sun daɗe da barin yankin.

Nakan tambayi kaina me Illa zai ce da ya ga yau. Yanzu a Dakoro da Kornaka masu walda da masu niƙa suna ta mayar da injinansu kan gaz, abin da aka yi masa dariya a kai ya zama ruwan dare. Na san zai ɗaga kafaɗa ya ce dama ya faɗa. Amma idan ya leƙa ƙauyenmu ya ga gidajen da rufinsu ya rufta, ya ji dalilin, ina jin zagi zai fara yi, ya fara da Kawu Tanko ya ƙare da kansa. Kawun ma ya riga Inna tashi, yana Sabon Maci wurin ɗansa. Ba na iya fushi da shi, domin ƙaunar Illa ce ta sa shi gitta sandar, kuma wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Inna ta daɗe tana cewa ba za ta bar inda ɗanta yake kwance ba. Maƙwabta ne ke ɗebo mata ruwa a kan jaki daga rijiya mai nisa, su ma sun tashi bana. Da na je makon jiya in shaida mata ranar tafiya, ba ta yi musu ba. Ta ce in kama hannunta in kai ta rumfar gurup. Daron yana nan a bushe, kaji sun yi kwanci a ciki suka bar shi. Injin ya yi tsatsa ko'ina, sai ɗigon fentin nan yana nan fari tas, domin kowa ya wuce sai ya share masa ƙura.

Ana cewa aikin mutum shi ke wanzuwa bayansa. Na duba na Illa: ruwan ya ƙafe daga bakin famfo, sanin ya bi shi kabari, mutanen da ya so ya riƙe sun watse. Abin da ya saura shi ne kalma guda da ya faɗa cikin fushi, wadda muka riƙe da hannu biyu har ta cinye mu. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa gajen haƙurinsa, mu ma ya yafe mana.

Inna ta daɗe a tsaye tana kallon ƙusar. Ta miƙa yatsa kamar za ta shafa, sai ta janye hannunta ta mayar cikin zane.

"To, Illa," ta ce, "ba mu taɓa ba."