Ranar da na'urar firji ta ce ba ta sani ba

Shekarar da likita ya mayar da maiɗakina Hajiya kan allurar insulin, ban daɗe da yin ritaya ba daga ofishin gwamnati inda na ƙarar da ƙuruciyata ina rubuta wa kwamfuta umarni. Muna zaune a Unguwar Dosa mu biyu, yara duk sun kama gabansu. Likitan ya ja mana kunne a kan abu guda: maganin nan ba ya son zafi, ba ya kuma son ƙanƙara. In ya sha zafi ƙarfinsa ya ragu. In ya daskare kuwa ya mutu ke nan, ko da ya narke daga baya ya koma kamar lafiyarsa ƙalau. Bayan ikon Allah, da shi Hajiya take rayuwa, kuma irin wanda ya karɓe ta ba kullum ake samunsa a gari ba. Wani lokaci sai an yi jira.

Muka sayi ƙaramin firji muka haɗa shi da sola, amma hankalina bai kwanta ba. Sai na ƙudura zan yi masa mai gadi: 'yar na'ura kamar tafin hannu, da ma'aunin sanyi a bakin wata siririyar waya da za ta shiga cikin firjin, da ƙararrawa, da layin da zai turo mini saƙo duk inda nake. Haɗa wayoyin ba aikina ba ne. Wannan sai maƙwabcina, wani Bakano sa'ana mai gyaran kayan lantarki, wanda tun da ya ji ni Bazazzagi ne bai sake barina na huta ba.

Umarnin kuwa da yaren C na rubuta shi, domin shi irin waɗannan ƙananan na'urori suka fi ji. Yare ne mai wani hali. Akwai yarukan kwamfuta na baya-bayan nan waɗanda in abu ya lalace sai su dakatar da komai, su yi ta kai ƙara sama har sai an samu wanda ya saurara. C ba ya haka. In ka aike shi, zai je ya dawo ya miƙa maka wata lamba: sifili na nufin an yi, wata lambar na nufin ba a yi ba, kuma kowace da dalilinta. In ka duba, ka sani. In ba ka duba ba, ba zai ce maka uffan ba, haka zai wuce aiki na gaba.

Saboda haka bayan kowane aike sai na rubuta tambaya. An kunna ma'aunin? To, ya kunnu? An karanta sanyin? To, an samu karantawa? An tura saƙo? To, ya tafi? Aikin da zai shiga rabin shafi sai da ya ci shafuka. Bakano ya leƙo ta kafaɗata ranar, ya ga yadda abin ya yi tsawo, ya riƙe baki.

"Kai Bazazzagi, wannan firji za ka yi wa gadi ko wa'azi za ka yi masa?"

"Ku dai Kanawa komai sauri," na ce. "Da kai ne da ka rubuta layi biyu ka ce a kawo na gaba."

"Da tuni Hajiya ta huta. Har tura saƙon ma sai ka tambaya ko ya tafi? Ina zai maƙale, a cunkoson motocin Kawo?"

Muka kafa na'urar, ta fara aiki, sai kuma ta fara damun mutane. Duk sanda Hajiya ta buɗe firjin wayar ta ɗan motsa, ma'aunin ya kasa ba da amsa na ƙiftawar ido, sai ƙararrawa ta ɗauka. Wata safiya tana tsakiyar sallar walha abin ya yi ta kuka. Da ta sallame ta same ni a zaure.

"Malam, ko dai ka yi wa abin nan naka magana, ko ni in yi masa da muciya."

Bakano ya kawo shawara, kuma ba ta banza ba ce. Ya ce in ma'aunin ya kasa amsawa, na'urar ta riƙe abin da ya faɗa a karon baya ta yi shiru, tunda sanyin firji ba ya sauyawa farat ɗaya. Layi ɗaya ne kawai zan gyara, gida ya zauna lafiya.

Na kwana biyu ina juya maganar. Abin da ya yi ta zo mini a rai shi ne zamanin da nake koyon kwafar littattafan ajami a Zariya. Tsofaffin takardu ne, wani wurin gara ta ci, wani wurin tawada ta jiƙe. In muka iso kalmar da ba ta karantuwa, malaminmu, Allah Ya jiƙansa, ba ya yarda mu cike da abin da muke zato, ko da zaton ya yi ƙarfi. Sai mu bar gurbin fari, mu yi 'yar alama a gefe. Dalilinsa shi ne mai karatu a gaba in ya ga gurbi zai je ya nema, amma in ya ga kalma zai yarda da ita. Shawarar Bakano cike gurbi ce. Amma ƙorafin Hajiya ma gaskiya ne.

Abin da na yi shi ne na raba matsalolin. In ma'aunin ya kasa amsawa, na'urar ta ɗan dakata ta sake tambaya, ta kuma sakewa. In ya dawo, shi ke nan, ba wanda ya ji. In ya ƙi dawowa, kada ta ce zafi, kada ta ce sanyi, ta kaɗa ƙararrawa, ta kuma turo mini cewa ba ta iya karantawa. Gida ya yi tsit. Watanni suka wuce har muka manta da ita.

Cikin bazara aka yi wa wani tsohon abokin aikina rasuwa a Katabu. Bakano ya ɗauke ni a motarsa bayan azahar muka tafi ta'aziyya. Muna zaune a kan tabarma, an shafa fatiha ke nan, sai wayata ta motsa a aljihu. Na fita gefe na duba. Na'urar ce: ba ta iya karanta ma'aunin.

Na kira Hajiya.

"Malam, ga firjin nan a gabana, wutarsa a kunne, yana ta gurnaninsa. Ƙararrawar ce dai ta tashi, na ɗora mata matashi. Abin naka ya dawo da halinsa."

"Don Allah buɗe ki duba mini."

"Tuwo nake tuƙawa fa."

"Hajiya, sauke shi. Ba cewa ta yi da zafi ba. Cewa ta yi ba ta sani ba, ni ma kuma daga nan ban sani ba. Ke kaɗai ce za ki iya gani."

Na ji ta ajiye muciya, na ji ƙarar ƙofar firjin. Sannan ta yi salati.

Abin da ke kashe injin firjin in sanyi ya isa shi ne ya maƙale, injin ya yi ta aiki ba tsayawa. Ƙanƙara ta taso daga bangon baya ta haɗiye ma'aunin, ruwa ya shige shi ya mutu. Gorar ruwan da ke kusa da robar maganin har ta fara kamawa daga sama.

"Kwalaben maganin fa?" na ce.

"Tsaya in ɗaga su a haske." Na ji numfashinta. "Ruwa ne. Suna motsi. Ba su kama ba."

Na ce ta kwashe su ta sa a kular abinci tare da gorar ruwan sanyi, ta kashe firjin. Na koma tabarma. Bakano ya dube ni, na gaya masa a kunne. Nan take ya miƙe ya yi wa masu gida sallama a madadinmu.

A hanya, mun kusa Kawo, na sake duba saƙon, sai na ga lokacin da aka rubuta shi ya riga lokacin da ya iso da ɗan tazara. Ashe turawar farko ba ta tafi ba, babu sabis, na'urar ta duba ta ga haka ta sake turawa. Na nuna wa Bakano.

"To, na ji," ya ce, idonsa a kan titi. "Amma kada ka je ka ba da labarin nan a masallaci, don na san ku. Kafin Juma'a za a ce kai ka ƙera firjin."

Duk da haka zuciyata ba ta sauka ba, domin ido ba ya iya tabbatar da lafiyar wannan magani. Kafin abincin yamma Hajiya ta auna sukarinta, ta yi bismilla ta yi allurar daga ɗaya daga cikin kwalaben. Muka ci tuwon, wanda ya yi gudaji saboda saukewar da na sa ta yi, ta kuma tabbatar na san haka. Bakano yana tsakar gida ya kwance bayan firjin yana ta mita. Da lokacin sake aunawa ya yi, ta soki yatsa ta ɗiga jinin, muka zuba wa ɗan gilashin na'urar awon sukarin ido tare. Lambar ta fito daidai inda ta saba tsayawa.

Hajiya ta ce alhamdulillahi, ta jingina da bango. Ni ma na faɗa, na sake faɗa. Sannan ta ɗaga murya ta ce wa Bakano ya bar firjin haka nan ya zo ya ci tuwo, gudajin ma ai rabonsa ne.