Jinyar Ɗan Ƙanena

Ɗan ƙanena yana da shekara tara lokacin da ubansa ya ɗauko shi a babur daga Baure ya kawo mini shi Daura. Uwarsa ta rasu wurin haihuwa a damunar da ta gabata, kuma tun daga nan yaron ya sauya. Ya ciji malaminsu na Islamiyya a hannu, ya farfasa randunan gida, daga baya ya cinna wa dannin maƙwabta wuta. Duka kam ya sha har ya daina kuka.

"Yaya, an ba ni shawara in kai shi gidan mari," in ji ƙanen nawa, yana kallon ƙasa. "Sun ce can zai ladabtu."

Na ce masa, "Muddin ina raye, ƙarfe ba zai hau ƙafar yaron nan ba. Bar mini shi."

Na daɗe ina koyarwa a firamare, na ga masu ƙiriniya iri-iri, na kuma san wannan ba ƙiriniya ba ce. Mai ƙiriniya dariya yake yi in ya gama ɓarna. Shi kuwa sai ya raɓe bayan ƙofa a tsorace.

Ba mu bar addu'a ba, amma na kai shi asibiti, aka tura mu Kano inda ake kwantar da yara masu irin wannan damuwa. Na ɗauki hutu, na naɗe tabarmata, na haɗa 'yan kwanuka, muka tafi.

Zaman bai zo da sauƙi ba. A makon farko ya jefi wata nas da kofin ruwa. Ba ta daka masa tsawa ba. Ta zauna nesa kaɗan har ya huce, sannan ta tambaye shi ko zai taya ta goge wurin. Ya goge. A wurinta na koyi gane alamunsa: in ya fara dunƙule hannu yana cije leɓe, sai in sassauta murya, in ja shi waje mu zaga.

Likitar da ke duba shi ta ce lallai uban ya riƙa zuwa kowace Asabar a zauna tare. Ya yi mini gardama a waya, wai shi lafiyarsa ƙalau, ga girbi a gabansa. Na ce ya bar wa ƙannenmu gonar ya hau mota. Ya zo.

A wani zaman ne likitar ta tambayi yaron ko akwai abin da yake son tambayar babansa. Sai yaron ya ce, "Baba, yaushe Inna za ta dawo daga Nijar?"

Ashe ranar rasuwar an kai shi gidan kakarsa a Dutsi, da ya dawo aka ce masa ta yi tafiya. Yaran unguwa suna ce masa ta mutu, manya suna ce masa ƙarya suke yi. Ni kaina sai a wannan zaman na san an ɓoye masa.

Ƙanena ya dube ni. Na ce, "Gaya masa. Ina nan."

Ya gaya masa. Yaron ya yi ta dukan ƙirjin ubansa yana kuka, uban ya rungume shi bai sake shi ba har ya yi laushi.

Bayan an sallame mu, uban ya kai shi maƙabarta suka yi mata addu'a. Yaron ya ci gaba da zama a wurina, in an yi hutu kuma ya tafi Baure. Na je makarantarsu na yi wa malamansa bayani, na roƙe su su bar bulala, in abin ya taso su bar shi ya fita ya sha iska. Wasu sun ji, wasu sai da na sake komawa.

Yanzu yana sakandare. Fushin yakan zo har yau, kuma muna komawa ganin likita lokaci-lokaci, amma yana iya buɗe baki ya ce, "Gwaggo, raina ya ɓaci." Kwanan nan ya fara koyon haɗa sola bayan an tashi makaranta, kuma shi ya sa mini fitilar da ke tsakar gidana.